Inda Magudana Ta Tsaya

"Nan aikin ya tsaya?" ta tambaya, ko da yake idonta ya riga ya ba ta amsa.

Shugaban leburorin bai ko ɗago ba, wanke cebur ɗinsa yake yi a cikin durom. "Nan aka ce mu tsaya, ranki ya daɗe. Mu 'yan aike ne."

Ta taka zuwa ƙarshen simintin ta leƙa. Magudana ce mai kyau, ba za ta yi mata ƙarya ba, faɗinta ya isa ƙaramar mota ta bi ta ciki. Sai dai an yanke ta ne a tsakiyar gangare, bakinta a buɗe, yana kallon layin da ke ƙasa. A layin nan aka haife ta, kuma a can mahaifiyarta take zaune har yau.

A ofishin tsara gari take aiki. 'Yan gidansu Injiniya suke ce mata don tsokana, tun ranar da ta fara zuwa gida da naɗaɗɗiyar taswira a hammata. Ita ta zana wannan magudana, ta yi shekaru tana bin ofisoshi a kanta har masu gadi suka san takunta. A zanen ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa daga bakin rafi za a fara, a haura sama, don duk ruwan da ya shiga ya samu mafita. Ɗan kwangila kuwa ya fara daga sama, gefen babban titi, inda motocin manya ke wucewa, inda allon aiki zai fito da kyau a hoto. Da rabin aikin ya cika, ya kwashe injinansa.

A da, ruwan sama yakan watsu cikin lunguna da yawa, ya sauko da lalaci, kowa ya samu rabonsa na wahala. Yanzu an tattara shi wuri guda, an shimfiɗa masa hanya mai santsi, an nuna masa ƙofar Inna, mahaifiyarta.

Ta tarar da Darakta a ofis yana fama da fanka mai ƙara, ya danne takardunsa da kofin shayi.

"Yallaɓai, a toshe mashigar ruwan daga sama kawai, har a gama kashi na biyu. Ba wani babban aiki ba ne."

"A toshe?" Ya cire tabarau. "Jibi za a buɗe aikin nan. An ɗinka ƙyalle, an kira 'yan jarida. Kina so manya su zo su yanka zare a kan magudanar da muka toshe da hannunmu?"

"To a yanka zaren, washegari mu toshe."

"In ruwa ya koma kan babban titi fa? Wa za a kira? Ke ko ni?"

"Akwai mutane a ƙasa, Yallaɓai."

"Kin ɗauka ban faɗa ba?" Muryarsa ta sauka. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta cinye shi tun kafin ta fara aiki. "Na faɗa a zama, na maimaita, aka ce kashi na biyu yana cikin kasafin baɗi. Aka yi mini godiya, aka wuce magana ta gaba." Ya dube ta da tausayin da ya fi faɗa ciwo. "Na san tsohuwarki a can take. Ki ɗauke ta zuwa gidanki har damina ta wuce. Wannan ba Darakta ne ya faɗa miki ba, yayanki ne."

Ta yi godiya ta fito, don ba abin da ya rage sai godiyar.

A cikin bas ta samu gefen taga. Gabas ta fara haɗa baƙi, irin baƙin da ke sa masu shanya gudu. Fasinjoji sai murna suke yi za a samu sanyi, wani ma na yaba wa sabuwar magudana, wai bana dai an huta. Ta so ta juya ta yi masa bayani, sai ta mayar da idonta kan taga.

Layin nasu kowane gida da tsawon dokin ƙofarsa. Al'adar unguwar ke nan: duk shekarar da ruwa ya shiga gidan mutum, sai ya ƙara layin bulo a bakin ƙofa. Wasu gidajen sai ka hau matakala sannan ka sauka kamar mai shiga rijiya. Ita kuwa ta sha tara mutanen a makarantar firamare, ta kafa taswira a allo, ta nuna musu cewa duk wanda ya ɗaga ƙofarsa, maƙwabcinsa na ƙasa ya tura wa ruwan. A yi haƙuri, magudana na zuwa. Aka saurare ta da ladabi, aka koma gida aka sayi bulo. Gida biyu ne kawai suka bi maganarta: na Inna, don ba ta da yadda za ta yi da 'yarta, sai na Baba Kafinta, wanda kullum yake zama a bencin gaba yana gyaɗa kai.

Inna na zaune a kan gado, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo. An ɗora ƙafafun gadon a kan bulo tun bara, kuma bango na ɗauke da zanen ruwan kowace shekara.

"Injiniya da kanta da rana tsaka? An kore ki ne?"

"Inna, ki haɗa kayanki mu tafi gidana."

"Bene? Wa zai hau da ni, ke ko mijin naki mai ciwon baya?" Ta yi dariya. "Ba an gama kwatar taki ba? Har a rediyo na ji. Na ce wa mata, 'yata ce ta zana."

"Rabi aka yi, Inna."

"To rabi ai ya fi babu."

"Wannan rabin babu ta fi shi."

Inna ta daina dariya. Ta daɗe tana kallon fuskar 'yarta, sannan ta kalli hoton marigayi mijinta da ke rataye can sama, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba.

"Ni dai ba inda za ni. A nan na wanke ku duka. In kin san abin yi, ki yi."

Ta san abin yi, shi ne ma abin da ke cinta. Ta fita ta tsaya a ƙofa, iska ta fara ɗaga ledoji. Ta kira mai sayar da yashi na bakin titi, ta ce ya kawo buhuna cike, yanzu-yanzu. Mutumin ya gane muryarta, ya taɓa zama a taronta. Ta ji murmushinsa ta cikin waya, kunya ta rufe ta har wuya.

Aka sauke buhunan daga kura. Ta cire takalmin ofis, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta fara ja. Buhu na farko ya kusa kayar da ita. Tana kokawa da na biyu ta ji an kama ɗaya gefen.

Baba Kafinta ne, da fensir a bayan kunne, garin katako a gemunsa.

"Sake shi, 'yata, wannan ba aikin biro ba ne. Kama nan, ni in kama nan."

"Baba, bar shi don Allah. Zan iya."

"Ina za ki iya? Uwarki na kwance a ciki ni ina kallo?"

Suka jera layi na farko. Shi ke gyara zaman buhunan, yana taka su da ƙafa, yana toshe kafofin da ta bari. Tana ganin inda ruwan zai bi kamar a kan takarda: zai bugi buhunan nan, ya karkata hagu, ya gangara. Gidan da ke hagu shi ne na ƙarshe a layin, bayansa sai doguwar katangar ma'aikata. Ƙofarsa daidai take da ƙasa, ta cikinta ana hango katakai a jingine da jikokin Baba Kafinta suna kwashe shanya.

"Baba," ta ce, "ruwan nan in ya tashi daga nan..."

"Na sani. Ai kin koya mana a allo, ban manta ba." Ya share gumi da hannun riga. Ɗigon farko ya faɗo a kan buhu, ya bar tabo mai faɗi. Tsohon ya ɗaga kai ya auna sama, ya auna buhunan.

"Wannan ba zai tare ba," ya ce. "Miƙo wani, mu ƙara layi ɗaya."

Ta sunkuya ta kama gefen buhun.