Azarar Zarto

Shekara biyu Malam Ja'afaru magini yana zaune a Ƙofar Galadima ba wanda ya kira shi ko yaɓen katanga. Tun da aka gama yaƙin basasa kowa a birni ya haukace da bulo da kwano, har wanda bai da akuya. Saboda haka da Alhaji Aƙilu ya ce yana son zaure na ƙasa mai rufin bakan gizo irin na kakanni, tsohon ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ƙudurta zai nuna wa Zazzagawa cewa ginin ƙasa bai mutu ba.

Azara kuwa, wato itacen giginya da ke riƙe rufin soro, tsaga ta ake yi da gatari, a bi jijiyarta daga gindi har kai. Ko ta karkace ba komai, muddin jijiyar ba ta yanke ba. Amma masu tsagar sun watse, sun tafi leburanci Kaduna. Wadda Alhaji ya kawo a mota inji ne ya yanka ta, miƙaƙƙiya sumul, sai yaba ta yake yi. Malam Ja'afaru ya shafa ɗaya, ya ji bakin jijiyoyi na sukar tafinsa duk inda zarto ya ratsa su. Ya san in ya ce a jira tsagaggiya, Alhaji zai kira masu siminti gobe. Sai ya ɗora ta haka nan.

Zauren ya yi kyau, har daga Tudun Jukun ake zuwa kallo. Da ruwan Agusta ya jiƙa rufin ya yi nauyi, wata Laraba da hantsi ya rufta. Allah ya sa ba kowa a ciki.

Malam Ja'afaru ya je cikin jama'a ya faɗi gaskiya, ya ce ya ga aibin itacen ya ɓoye. Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Haba Baba, kada ka ɗora wa kanka. Ginin ƙasa ne, zamaninsa ya wuce."

Duk aka gyaɗa kai. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Kafin sati, gida uku a unguwar sun yi cinikin kwano.

Ya dawo gida ya tarar da matarsa Sailuba tana jawo gadonta waje daga ɗakin da ya gina mata shekara talatin da suka wuce, wanda ko ɗigo bai taɓa yi ba. Ta ce ita dai a rumfa za ta riƙa kwana har damina ta wuce. Ya kama mata ɗaya gefen gadon.