Bututun da Aka Yanke

Duk motar wankin darduma da ta fito daga shagon Usta Ergash mai walda, tun daga nesa ake gane ta a garin Margilan na ƙasar Uzbekistan, kuma ba don kyau ba. Abin da ke cikinta dai ba mai kushewa. Zai cire kujerun baya, ya girke injin fetur a tsakiya, tukunyar dumama ruwa a gefe, tankin ruwa mai tsabta a dama, na dauɗa a hagu, sannan ya naɗe mesa mai tsawon taku sittin a bakin ƙofa. Mota tana kan titi, ma'aikaci yana can ƙuryar ɗaki yana fesa ruwan zafi yana zuƙe shi, kafin la'asar darduma ta bushe. Amma in ya gama wannan aikin mai kyau, sai ya ɓata shi da hannunsa. Sai ya ɗauko salansar injin ya huda rufin mota, ya liƙa mata wani dogon bututu da ya fi rufin da kamu uku, tsaye ƙiƙam.

Masu saye sun yi mita sun gaji. Wasu suka ce gidan wanka mai bututun hayaƙi ne yake yawo a titi. Shi kuwa ko a jikinsa, domin ya san mutanensa. A garin nan ba a barin motar baƙo a kan titi, abin kunya ne. Da ka tsaya za a wangale maka ƙofa a ce shigo da ita soro, soron nan mai rufi da ake gina ɗaki a kansa. Shi kuma wani hunturu da ya wuce ya taɓa gwada inji a shago ƙofa rufe, bai ji komai ba sai ɗan ciwon kai da daɗin barci, maƙwabta ne suka jawo shi waje ta ƙafa. Tun daga ranar ya daina wahalar da bakinsa wajen gargaɗi. Ya auna soron gidajen unguwa, ya yi bututun da ba zai shiga ko ɗaya ba.

Na ƙarshen da ya sayi mota a wurinsa Davron ne, wani mai saurin baki da ya dawo daga ci-rani. Kwana uku yana zaɓe. Yana son babban famfo, yana son tanki mai cin lita ɗari uku, ba ya son doguwar mesa don naɗe ta wahala ne, bututun kuma ya ce ko kyauta ba ya so.

"Usta, mata suna kallona fa," in ji shi. "Ka rage masa ko kamu ɗaya."

"Da bututun ake sayar da ita. In ba ka so, akwai wasu masu walda a gari."

Davron ya yi dariya ya ɗauki motar. Aikinsa kuwa ya yi kyau, shi ya sa da ɗiyar Usta ɗaya tilo, Oydin, ta haihu, aka sa ranar bikin gadon jariri, irin na katakon nan da ake ɗaure yaro a kai ana jijjigawa, Usta ya ga ba kyautar da ta fi ya aika Davron ya wanke dardumomin gidan surukanta kaf. Uban mijin, Hoji Mamasoli, babban ɗan kasuwar alharini ne, mutum mai laushin murya wanda ba a taɓa ganin maiƙo a rigarsa ba. Shekara biyu da auren, Usta yana kaffa-kaffa da shi. In za shi gidan sai ya goge faratansa da toka, in ya zauna ba ya miƙe ƙafa.

Ranar Laraba da aka sa za a yi wankin, sanyi ya sauko sosai. Da hantsi Usta ya tsallaka gidan shayin da ke gaban shagonsa. Ya karya gurasa ke nan ya ɗaga ido, sai ya ga babbar tukunyar shayin ta yi sabon bututu, hayaƙi na fita ta samansa. Ya ajiye gurasar. Mutum ba ya ɓatan ɗinkin waldarsa, ga ma ɗan lanƙwasan da yake yi a baki don kada ruwan sama ya shiga. Ƙasan kuwa an datse shi da zarto, a karkace.

"Ina ka samo wannan?"

Mai shayi ya washe baki. "Davron ya ba ni shekaranjiya. Ya ce ya gaji, kowane gida sai an ce ya shigo, shi kuma ya tsaya yana ba da haƙuri kamar mai laifi. Wallahi yana jan hayaƙi da kyau, Usta, ashe sana'arka ta gaskiya ke nan."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Usta bai ji su ba, don ya gane yanzu ba soron da motar Davron ba za ta shiga ba. Ya zaro waya ya kira Davron, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, kuma ya san dalili, wanda ke riƙe da bakin mesa ba ya jin waya. Ya kira Oydin, a kashe, don tun da ta shiga kwana arba'in na jego uwar mijinta take karɓe wayar da rana wai ta sami barci. Mijinta yana Tashkent, babban birni, sayen kayan biki. Saura mutum ɗaya.

Hoji ya ɗauka, can bayansa ana jin gurnanin injin. Ya fara gaisuwa tiryan-tiryan, lafiyar gida, lafiyar aiki, ƙafar da ke ciwo. Usta ya amsa biyu, ta uku ya katse shi, abin da bai taɓa yi ba.

"Kuda, gafarta mini. Motar tana ina?"

Da wannan sunan iyayen ma'aurata suke kiran juna, kuma Hoji ya iya faɗinsa da zaƙi. "Haba kuda, motar da kai ka aiko za mu bari a titi? Tana soro. Mun rufe ƙofa kada ƙarar ta dami maƙwabta, ta cikin gida ma na sa an saki tamfal, saboda jinjiri."

"Oydin fa?"

"Tana ɗakin saman soro ita da jikanmu. Ɗakunan ƙasa duk ana aiki, ga baƙon namiji yana shiga yana fita, mai jego kuma ba a so ido ya faɗa mata. Can ya fi ɗumi, an toshe tagogin tun farkon sanyi."

Usta ya san ɗakin. Daɓensa katako ne, kuma matakalarsa daga cikin soron ta tashi.

"Kuda, don Allah a kashe injin yanzu, a buɗe ƙofa, a sauko da su. Hayaƙin nan yana kisa."

Hoji ya yi 'yar dariyar da ake yi wa mai yawan damuwa. "Ni ma yanzu na wuce ta wurin, ɗan warin fetur ne kawai. Yaron naka ya ce in an tsaya a tsakiyar aiki dardumar za ta yi zane, kuma babbar ta falo yake kai. Rabin awa ya rage. Ka kwantar da hankalinka, ɗiyarka ɗiyarmu ce. Sai mun gan ka ranar biki."

Ya kashe wayar cikin ladabi. Usta ya tsaya da ita a kunne, haushin kansa ya kama shi, don ko a wannan halin ma roƙo ya yi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya tambayi kansa tun yaushe aka tayar da injin. In Davron ya fara ƙarfe tara, an fi awa ɗaya ke nan.

Ya faɗa tsohuwar motarsa da rigar walda a jikinsa. Gidan Hoji tafiyar minti goma ne in hanya ta yi kyau. Ya wuce kasuwa yana danna oda, ya sha kwana ta bayan masaƙa, yana sake kiran Davron da hannu ɗaya. Da ya shigo doguwar hanyar unguwar sai ya tarar da ita cike da maza, bango zuwa bango, an ɗauko gawa za a maƙabarta. Motoci duk sun tsaya, direbobi sun fito, kowa yana matsawa ya kama makara ya yi mata taku bakwai kamar yadda aka saba. Usta bai taɓa wuce makara bai sa kafaɗa ba tun yana saurayi.

Ya bar motar a nan, ƙofa buɗe, ya kutsa cikin mutane yana bangaje su, yana tafiya kishiyar inda suka nufa. Wani dattijo ya riƙo hannun rigarsa.

"Usta Ergash, lafiya? Ba ka ga abin da ke wucewa ba?"

"Na gani. Allah ya jiƙansa, sake ni."

Ya fizge ya sa gudu, gudun ɗan shekara sittin mai ciwon gwiwa, ƙirjinsa na zafi. Tun kafin ya ga gidan ya ji injin. Muryar injinsa ce, lafiya lau take, ba ta ko tari, kuma bai taɓa tsanar wani abu da ya ƙera kamar yadda ya tsane ta a lokacin ba.

Babbar ƙofa a sakace take ta ciki. Ya tura ƙaramar da ke jikinta ya shiga. Soron ya yi duhu, ya yi ɗumi, iskarsa ta yi nauyi. Ga motar nan, ga guntun bututun a kan rufinta yana huci kai tsaye cikin katakon sama, tazarar da ba ta kai tafin hannu biyu ba. Ya riƙe numfashi, ya miƙa hannu inda ya san makunnin yake ya murɗe. Ya zare sakata ya banka ƙofofin biyu, ya fizgo tamfal ɗin har ƙusoshinsa suka zubo.

Shirun da ya biyo baya ne ya fito da mutanen gida. Davron ya leƙo daga falo da bakin mesa a hannu. Hoji ya taso daga inda yake zaune a rana, matarsa na biye. Kafin su iso Usta ya haye matakala da takalmansa.

Oydin tana kwance a kan katifa kusa da gadon jaririn, hannunta ɗaya a kan igiyar da ake jijjiga shi. Ya kira ta, ta buɗe ido da ƙyar.

"Baba? Kaina ne ke sarawa. Bari in ɗan yi barci, yau ya bar ni na huta, ko kuka bai yi ba."

Usta ya san wannan ba barcin lafiya ba ne. Ya sa gwiwar hannu ya fasa gilashin taga. Ya yaye mayafin gadon, ya kwance ɗaurin, ya ɗauko yaron. Jikinsa da ɗumi amma a sake, kai na lilo. Ya rungume shi da hannu ɗaya, ya tallabo Oydin da ɗayan, suka gangaro tana jan ƙafa.

A tsakar gida uwar mijin ta ɗora hannu a ka. An fito da ɗan kwana talatin cikin sanyi, an shiga ɗakin jego da takalmi, an fasa taga. Hoji kuwa fuskarsa ta ɗaure, muryarsa ta ƙara laushi, wanda shi ne alamar ransa ya kai matuƙar ɓaci.

"Kuda, gidan nan yana da mai shi. Ko me ke nan, ai da ka yi sallama."

Usta ya durƙusa a ƙasa ya kwantar da yaron a cinyarsa, yana murza masa ƙirji da yatsu biyu baƙaƙe, yana hura masa iska a fuska. Oydin ta dafa bishiya tana amai. Davron ya yi tsuru-tsuru, yana ta cewa jiya ma a soro ya yi aiki ba abin da ya faru, ba wanda ya kula shi.

Hoji ya juya, don bai saba a bar maganarsa a ƙasa ba, ya nufi soro ya ga ɓarnar da aka yi masa. A can jikin ginshiƙi kejin salwarsa yake rataye, lulluɓe da ƙyalle, tsuntsun da yake alfahari da kukansa, wanda da asubar nan ma shi ya tashe shi. Ya ga ƙyallen ya goce, ya kai hannu zai gyara. Sai ya tsaya. Ya buɗe kejin ya sa hannu, ya fito da tsuntsun a tafinsa, ƙafafu a sama, idanu a rufe. Ya ɗaga kai ya dubi katakon da ke bisa kansa, ya daɗe yana dubansa.

A bayansa yaron ya ja wani ɗan numfashi, ya yamutsa fuska, ya saki kuka siriri mara ƙarfi. Usta ya sunkuyar da kai, hawaye suna bin gemunsa, bai damu da wanda ya gani ba.

Hoji ya dawo tsakar gida da tsuntsun a hannu. Ya ajiye shi a bakin rijiya. Ya tuɓe babbar rigarsa ta alharini ya lulluɓa wa Oydin, sannan ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da mai walda, gwiwa da gwiwa.

"Kuda, faɗa mini abin da zan yi."

"Asibiti, su duka biyun, yanzu. Fito da motarka, a sauke gilasai."

Hoji ya tashi da gudu, bai ko tsaya neman takalmi ba.