Gumin Murfin Kwano

Ni na zaɓi otal ɗin, saboda haka ba ni da bakin ƙorafi. Tsohon rumbun wani attajirin shinkafa ne a Kanazawa, aka gyara shi, aka shafe shi da baƙin fenti ciki da waje, aka rage hasken fitilu har sai mutum ya lalubi takalminsa. A hoto ya yi kyau ƙwarai. Muna shiga ɗaki, surukata Tokie, uwar mijina, ta ajiye jaka ta nufi taga, ta yi ta neman mariƙi, sannan ta kira ni.

"Chizuru-san, ta ina ake buɗe wannan?"

"Ba a buɗewa, Mama. Haka aka yi ta."

"To taga ce ko hoton taga?" Ta juya ta ga banɗaki, bangonsa gilashi ne tas, daga kan gado kana hango komai. Ta riƙe haɓa. "Iska sun hana ta shiga, ido kuma sun ba shi hanya. Lallai masu ilimi ne suka yi ginin nan."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ba yawon buɗe ido ne ya kawo ni ba. Magana na zo da ita, kuma tun a jirgin ƙasa nake ta juya ta a raina.

Mijina Tatsuro ya fita kamun ƙaguwa daga tashar jiragen ruwan garinmu a gaɓar Tottori, a wani lokacin sanyi, shekara goma sha wani abu ke nan. Jirgin bai dawo ba, ko katako ba a tsinta ba. Iyalan sauran mutanen jirgin sun yi jana'iza sun huta. Mama ta ce ita ɗanta tafiya ya yi. Tun daga ranar, kowane cin abinci sai ta jera masa nasa faranti a gaban hotonsa, kamar yadda mutanenmu ke yi wa matafiyi don kada ya ji yunwa a hanya. Idan mun zauna, sai ta ɗaga murfin kwanon miyarsa ta kife shi a tafin hannu. In cikin murfin ya yi gumi, matafiyi yana raye. In ya bushe, shi ke nan.

Miya ce mai zafi a rufe, yaushe murfi zai ƙi yin gumi? Kowa ya san wannan. Kuma ni nake dafa miyar, ni nake zuba ta tana tururi, safe da yamma. Haka muka zauna mu biyu a gida ɗaya, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.

Sai ga Kuwabara, mai gyaran injin jirage, mutum mai shiru wanda matarsa ta rasu da daɗewa. Ya samu aiki a arewa, can Hokkaido, zai tashi ƙarshen bazarar nan, ya ce in bi shi. Bai matsa mini ba. Ya ce dai in na dawo daga tafiyar nan yana son jin amsa, domin ba zai iya ɗaure kaya da rabin zuciya ba. Ina son sa, ba zan ɓoye ba. Amma a gida, a gaban wancan farantin, bakina ba ya buɗuwa. Shi ya sa na ɗauko Mama na kawo ta nesa, inda na ɗauka farantin ba zai biyo mu ba.

Ashe na yi wauta. Tana zuge jaka, abin da ta fara fitarwa hoton Tatsuro ne, a naɗe cikin ƙyalle. Ta jingina shi a jikin tagar da ba ta buɗuwa, ta ce, "Ga Kanazawa nan, kalli abinka."

Washegari muka fita gari cikin zafi mai ɗauke numfashi. A babban lambun nan da kowa ke zuwa, mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto gaban fitilar dutse mai ƙafa biyu a bakin tafki. Mama ta rungume hoton a ƙirji, fuskarsa na kallon waje, tana juya shi dama da hagu don kada wani abu ya wuce shi. Muka samu benci a inuwa. Na juyo gare ta.

"Mama, akwai wata magana da nake so..."

"Riƙe min Tatsuro, hulata za ta faɗi."

Ta ɗora min shi a cinya. Yana murmushinsa na ranar bikin tashar jirage, haƙorinsa ɗaya a karkace. Ta yaya mace za ta ce za ta bi wani namiji alhali mijinta na kan cinyarta? Na bar maganar, ƙwarin bazara suka ci gaba da ihunsu a kan itatuwa.

A kasuwar kifi ta samu abin da take so, wato abin kushewa. Ta tsaya gaban wani mai sayar da ƙaguwa ta ce masa, "Ɗan nan, wannan tun yaushe take barci a ƙanƙara? Ta girme ka." Mutumin ya ce, "Kaka, ke 'yar bakin teku ce, na sallama." Muka sayi askirim ɗin da suke lulluɓewa da fallen zinariya. Zinariyar ta manne mata a leɓe, ta lasa ta ce ba ta da ɗanɗanon komai, sai tsada. Tana goge baki ne ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce mai gyaran injin nan, Kuwabara, zai koma arewa. Garinmu ya yi asara. Mutum ne mai hannu."

Na ce, "Haka na ji," na sunkuya ina neman abin da ban ajiye ba a cikin jaka.

Da yamma, rana ba ta ko faɗi ba, na tashi zan sauka in gaya wa ma'aikatan otal su shirya faranti na uku, kamar yadda na yi jiya. Mama ta ce, "Zauna, kin gaji. Yau ni zan gaya musu." Ta ɗauki sandarta ta fita. Ta ɗan jima kafin ta dawo, na ɗauka ɓacewa ta yi a duhun barandarsu.

Wani ƙaramin ɗaki aka ba mu don cin abinci, ba taga ko ɗaya, fitila guda na lilo a kan tebur. Faranti uku, hoton a kujerar tsakiya. Ma'aikaciyar da ke kula da mu, wata mata mai kaya ruwan toka, tana kawo abinci kala-kala tana bayanin kowanne da murya ƙasa-ƙasa: ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, gasasshen kifin nan mai baƙin maƙogwaro da garin ke taƙama da shi, naman agwagwa cikin romo mai kauri. Kowane abu ɗan mitsitsi a tsakiyar ƙaton faranti. Ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba. Na riga na yanke cewa da an gama miya zan faɗa, ko me zai faru.

Aka kawo miyar cikin baƙaƙen kwanuka masu murfi. Matar ta fita ta ja ƙofa. Mama ta miƙa hannu kamar kullum, ta ɗaga murfin kwanon Tatsuro, ta kife shi a tafinta, ta kai shi ƙarƙashin fitila. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo min da shi.

"Chizuru-san, kin gani? Ya bushe."

A bushe yake ƙamas, ko ɗigo babu. Muryarta kuma ko rawa ba ta yi ba.

Ga ƙofar da nake nema an buɗe min. Abin da ya rage kawai in sunkuyar da kai in yi shiru, gobe in kira Kuwabara. Na san haka, a lokacin ma na sani. Amma kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai kan kwanon. Sanyi ƙalau.

"Mama, ba zafi! Miyar ce ba zafi, taɓa ki ji! Kuskure suka yi!"

Na danna ƙararrawa, na sake dannawa. Da matar ta shigo, ni da ban taɓa ɗaga wa kowa murya a bainar jama'a ba, na ce, "Wane irin otal ne wannan? Fenti kawai kuka iya? A kawo wa mutum miya kamar ruwan famfo? Ɗauke ta, ki kawo mai zafi yanzu!" Matar ta dubi Mama. Mama ta dubi tebur. Sai matar ta rusuna ta ɗauki kwanon ta fita.

Mama ta gyara sandunan cin abincinta, ta daidaita su, ta sake daidaitawa.

"Ni na ce su bar ta ta huce," in ji ta. "Har murfin na ce su goge."

Na dube ta, ta ci gaba.

"Tun farkon bazara nake ganin ki kina ɓoye waya a aljihu, kina murmushi ke kaɗai wajen wanke-wanke. Tsufa na yi, ba makancewa ba. A gida ba zan iya ba, ke ce mai girki, kullum miyarki kamar za ta sale harshe. Da kika ce mu zo nan, na ce to, ga inda wani ne zai dafa." Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun cika amma ba su zubo ba. "Duk shekarun nan ina jin nauyinki, 'yata. Na ɗauka ni ce na tsare ki."

Aka ƙwanƙwasa. Matar ta ajiye sabon kwano gaban hoton, ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba, ta fita. Tururi na fita ta gefen murfin. A cikin jakata waya ta fara rawa, na san kuma ko wane ne. Mama ta tura min kwanon da yatsu biyu.

"Buɗe. Ke kika aika a kawo."

Na ɗaga murfin na kife shi. Gumi ya cika shi, ya gangaro ta wuyan hannuna har cikin hannun riga. Wayar ta yi ta rawa har ta gaji ta yi shiru. Abin da ban san yadda zan gaya wa Kuwabara ba shi ne, da na ga gumin nan, daɗi na ji.