Agogon da Malam Zubairu Bai Haɗa Ba

"Lantana, ara mini idonki," in ji Malam Zubairu. "Wannan 'yar ƙawanyar, ina take kaiwa kafin ta juyo?"

Lantana ta goge man ƙosai a zaninta ta sunkuya. Agogon aljihu ne na wani mai jirgin ruwa, hawa biyu gare shi: na ƙasa yana faɗin lokaci, na sama kuma ana danna shi a auna gudu. 'Yar ƙawanyar da ke tafiyar da shi tana lilo da kyar.

"Ko rabi ba ta kaiwa, Malam."

"Na wanke, na sa mai, na sake ƙarfen da ake yi masa wani da shi. Har yanzu."

Kwana huɗu ke nan yana fama da shi, ga tari ya hana shi sakat. Ita Lantana ina ruwanta da agogo? Hirar ce ke kawo ta. Tare aka sauke su daga jirgi a Bahia, can ƙetaren teku, suna bayi, kowa ya fanshi kansa da tsufa. Yanzu duk hawa da gangaren birnin Salvador, daga kasuwa har unguwar Vitória, in ba Yarabanci ba sai Fotugis. Shi kaɗai ya rage mata da za ta yi wa Hausa ya amsa.

Ya kwance hawan sama, ya ajiye a kan farin ƙyalle. Nan take ƙawanyar ta ware, sautin ya fito tas.

"Ka ji ja'ira! Ashe lafiyarta lau."

"Kayan da aka ɗora mata ne suka danne ta," ya ce. "Sai an sassauta kusoshin. Gobe, in da rai."

"Ka sha kunun dai tukuna. Kai ma ba rabin kake kaiwa ba."

Ya yi dariya har tarin ya turnuƙe shi.

Washegari da hantsi ta same shi jingine da bango, gilashin duba agogo a cinyarsa, jiki ya yi sanyi. Ta yi salati, ta shafe masa ido. Tsofaffin Yarabawa biyu masu sallah suka yi masa sutura. Mai jirgi ya aiko aka tattare agogon yadda yake, gida biyu.

Da la'asar ta shiga share ɗakin, a tsorace take, don shiru ya yi mata yawa. Sai ta kama kiran sunan duk abin da ta ɗauka, a bayyane.

"Tabarma. Buta. Buzu. Carbi."

Ta ɗauko wani abin fifita na kaba da Malam ya saƙa da hannunsa. Sunansa na Fotugis ya zo, na Yarabanci ma ya zo, na Hausa kuwa ya ƙi zuwa. Ta juya wajen bangon da yake jingina, baki a buɗe, za ta tambaye shi.

Ta zauna a bakin ƙofa da abin a hannunta, tana jujjuya shi.