Rijiyar da Tabki Ya Haɗiye

A shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, Malam Tanimu, wani akawu daga Zariya, ya zo Yelwa kallon sabon tabkin. Mai masaukinsa, Hansatu, ta ja masa kunne kada ya kuskura ya bi ta unguwar bukkokin bakin ruwa. Mutanen da ruwa ya cinye wa gidaje ne suka ja baya suka kafa ta, talauci kuma ya jefa wasunsu shan wiwi.

Da hantsi ya ɓata hanya, sai ga shi tsakiyar unguwar. Ko sallama bai yi wa kowa ba, ya rungume kyamararsa ya ƙara sauri. Wani dogo mai jajayen idanu ya miƙe ya biyo shi. Tanimu ya ruga ya faɗa ruwan gaɓa, wanda bai wuce gwiwa ba, don ya zaga ya ɓulla kasuwa.

Mutumin ya cafko rigarsa. Tanimu ya miƙa masa kyamarar.

"Riƙe abinka," in ji mutumin. Ya zaro gorar tuƙi daga wani kwalekwale, ya caka gaban ƙafar Tanimu, sai gorar ta nutse gaba ɗaya. "Rijiyar unguwarmu ce nan, ruwa ya rufe ta. Da ka yi sallama, da tun can mun gaya maka."

Tanimu ya fito daga ruwan ya zube a yashi, ya saki ajiyar zuciya. "Salamu alaikum," ya ce.

Mutumin ya kece da dariya. "Wa alaikumus salam, baƙo. Ka makara, amma gara makara da kwanan rijiya."