Terabait Sha Shida na Baba Fatunbi

Shekara goma sha tara ina gyara a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma har gobe gwajin da ake yi wa kaya a nan yana ba ni haushi. A jona abu, fitila ta kama, a tura hoto ɗaya ya buɗe, shi ke nan mai saye ya tafi yana taƙama ya ci kasuwa. Baba Fatunbi, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, ya yarda da wannan gwajin fiye da yadda ya yarda da fastonsa.

Wata Talata ya zo rumfata da tsohuwar ma'ajiyar aikinsa, tana ƙas-ƙas kamar an jefa tsakuwa a gwangwani.

Ya ce, "Oga injiniya, tsohuwar nan ta fara tari."

Na ce, "Baba, ta kusa. Faifai ne ke juyawa a cikinta, faɗuwa ɗaya sai labari. Ka sayi SSD, ba abin da ke motsi a ciki, ga sauri. Terabait ɗaya ta ishe ka. Amma ka saya a shago mai ƙofa, ka cika ta fal, ka buɗe komai ka gani. Kuma kar ka goge katin kamara sai aikin yana wuri biyu."

Da ya ji farashi sai ya cire hula ya hau fifita da ita. "Haba ɗana, fili na ce zan saya a Lekki?"

Bayan awa guda ya dawo baki har kunne, riƙe da wata 'yar aba mai ruwan zinariya da ya sayo wajen wani mai tire a ƙarƙashin gada.

"Terabait sha shida! Kai kana ta ɗaya, ɗaya, kamar mai rabon nama a bikin marowaci."

"Baba, araha ba ta ado."

"A gabana aka gwada! Hotona ya shiga, ya fito har da murmushinsa. Ni za ka koya wa ciniki a Legas?"

Na koma kan aikina, don wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Asabar ɗin makon aka yi bikin binne Mama Ajike a Abeokuta, tsohuwa mai shekara casa'in da shida. Autanta Dotun yana Kanada, takardu sun hana shi zuwa. Shi ya aiko aka sayi shanu, aka ɗinka anko, aka ɗauko makaɗa, abu ɗaya kawai ya roƙa: ya ga fuskar uwarsa a bidiyo kafin a rufe akwati, ya ga an kwantar da ita. Baba Fatunbi ya yi awa tara yana ɗauka. Ya juye komai a cikin zinariyarsa, ya goge katunan tas, saboda washegari yana da aikin bikin suna a Agege.

Ranar Laraba sai ga shi babu hula. Sunayen bidiyon suna nan reras a kwamfuta, amma in ban da na farko ba wanda ke buɗewa. Na sa sukudireba na ɓalle abar. A ciki wani ɗan kati ne da bai fi farce ba, an manna shi da gam, an haɗa da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. An koya masa ƙarya ne kawai: ya ce shi sha shida ne, ya karɓi duk abin da aka ba shi da godiya, da cikinsa ya cika ya riƙa zubarwa. Na duba katunan kamara, bikin suna ya hau kai ya zauna daram. Mai tire kuwa, duk ƙarƙashin gada aka rantse ba a taɓa ganin mai kama da shi ba.

Minti ashirin da biyar na farkon safiya kaɗai suka tsira. Ana kafa rumfa, ana jera fararen kujeru, wasu mata biyu suna rigima a kan kular jalof.

Muna cikin kallo wayar Baba ta yi ƙara. Dotun ne, ta bidiyo, yaransa biyu sanye da anko a bayansa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Kun turo? Na ɗauki hutun aiki yau, ga yara ma na hana su makaranta."

Mutumin da bai taɓa rasa amsa a kasuwa ba sai ya turo min wayar da ɗan yatsa. Ni na yi bayani, kuma wallahi ban taɓa jin kunyar sana'ata irin ta ranar ba. Na faɗa wa Dotun abin da ya rage.

Sai ya ce, "To, ku turo min kujerun. In ga inda ya kamata in zauna."