Keken da Ya Zama Shaida

"Kar ka sauke ni a nan, mutane na kallo," in ji Mai Makulli a kunnena.

Muna tsakiyar matattakalar benen ofishin babban mai gabatar da ƙara na birni, yana goye a bayana. Hannayensa sun sarƙe wuyana, ƙafafunsa na reto suna dukan cinyoyina. Na'urar hawa bene ta mutu, kuma ofishin da muke nema yana can sama.

"Baba, ƙafa ce kawai ba ka da ita, amma wajen ciki ba a bar ka a baya ba," na ce ina haki.

"Kai da kake murɗa kawunan mutane duk yini, kai ɗaya ne zai gagare ka? Hau mu je."

Ni mai aski ne. Teburinsa yana bakin shagona tun kafin in yi aure, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Yana yanka makulli, yana gyara kwaɗon ƙofa, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Makulli. Shan inna ya cinye ƙafafunsa tun yana yaro, amma ban taɓa ganinsa a matsayin wanda ke jiran wani ba, saboda yana da kekensa. Keke ne mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Wani maƙeri da ya daɗe da rasuwa ne ya ƙera masa, ya lanƙwasa kujerar daidai da karkacewar bayansa. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa asibiti a duba masa sukari, da shi yake bin yaran da suka taɓa masa kaya har ya ƙure su a lungu.

Sai ɓarayin ƙarfe suka sa birni a gaba. Murfin kwalbati, wayar lantarki, fitilun titi, har ƙofar makarantar unguwa suka ɓalle. Wata safiya aka tashi babu keke a ƙofar gida, sai guntun sarƙa a ƙasa da kwaɗo a kulle.

"Kwaɗona dai bai ba ni kunya ba, sarƙar suka yanke," ya ce, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A lokacin ne aka naɗa sabon mai gabatar da ƙara, wanda muke kira Babban Lauya. Ba zan ci haƙƙinsa ba duk da haushinsa da nake ji. Bai tsaya kan yaran da ke sata ba, masu manyan filayen sayen ƙarfe ya nufa, waɗanda kowa ya sani amma ba mai iya nuna su da yatsa. Aka kai samame, aka kwaso kaya, a ciki har da keken Baba kafin a kai ga yanka shi. Mun gani a talabijin ɗin shagona. Babban Lauya ya dafa kujerar keken, ya dubi kyamara ya ce, "Jama'a ku duba, har keken gurgu ba su bari ba." Shagon ya ɗauki tafi, ni ma na tafa da almakashi a hannu.

Washegari na je karɓo keken aka ce shaida ce ta kotu, in dawo mako mai zuwa. Na dawo, aka ce mako mai zuwa. Da abin ya ishe shi ne Baba ya ce in kai shi da kansa, ko idonsa zai yi abin da bakina ya kasa.

Muka kai sama na sauke shi a kan wata kujera mai laushi. Wata ƙaramar lauya ta kawo masa ruwa, tana ta satar kallon ƙafafunsa. Can sai ga Babban Lauya ya fito, dogo, yana ƙamshin turare. Ya durƙusa ya gaishe shi hannu biyu.

"Baba, ai kai ne gwarzon wannan shari'a. Me aka zo da shi?"

"Ranka ya daɗe, ƙafafuna na zo karɓa."

Babban Lauya ya yi murmushi, ya ce mutanen da muke shari'a da su suna da manyan lauyoyi, kuma idan keken ya fita daga hannun hukuma za su ce an musanya shi. Ya ce Baba ya ƙara haƙuri kaɗan, don birni gaba ɗaya yake yi. Yana cikin magana mai hoto ya shigo, ya ɗauke su hoto, Babban Lauya na riƙe da hannun Baba.

"Ranka ya daɗe, tun da kuna da mai hoto, ku ɗauki hoton keken mana, ku ba shi abinsa," na ce.

Ya dube ni kamar sai lokacin ya lura akwai mutum a wurin. "Malam, hoto ba ya sa alƙali ya ji zafi a zuciyarsa. Keken nan zai yi maganar da ni ba zan iya ba."

Na buɗe baki, Baba ya matse min gwiwa. Hannunsa kuwa idan ya matse ka sai ka yi shiru. "Ba komai, ranka ya daɗe. Yaushe ke nan?"

"Mako mai zuwa, da yardar Allah."

Wannan kalma ita ce har yau take tafasa min zuciya. Da sun ce shekara, wallahi da mun haɗa kai a unguwa mun sa an ƙera masa wani. Mun ma yi maganar, mai walda ya zo ya auna shi. Baba ya ce a bari, me zai yi da keke biyu tun da nasa na dawowa mako mai zuwa. Haka suka riƙa ɗaure mana hannu da alƙawari, mako na bin mako, har damina ta shigo ta fita.

Kafin nan mun aro masa keken asibiti, irin wanda ake turawa. Layinmu duk ramuka ne, ba ya iya tafiya da shi sai an tura shi, kuma kujerar ba ta san bayansa ba. Tana gugar ƙugunsa a wuri ɗaya, shi kuwa sukari ya sa ba ya jin zafi a wurin. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta fara ganin jini a wandonsa wajen wanki. Ga ciwon sukari, gyambon ya ƙi rufewa.

Baba ya daina fitowa bakin shago. Ya ce ya gaji da a riƙa ɗaukarsa kamar buhu yara na kallo. Ranar asibiti ma sai mun yi faɗa, wani lokaci ya yi nasara a kaina. Ya koma aiki a kan katifa a ɗakinsa, mai taga ɗaya da ke kallon katangata. Da farko mutane na miƙo masa kwaɗo ta ƙofa, daga baya suka ragu, domin wanda makullinsa ya ɓace ba ya jiran mara lafiya. Ɗakin ya daina warin mai da ƙarfe, ya koma warin magani da wani abu da ba na son faɗa.

Sau ɗaya ya ga kekensa a wannan tsakanin, ranar da aka kira shi ba da shaida. Na goya shi har cikin kotu. Ga keken nan a gaban alƙali, taku kaɗan tsakaninsa da Baba. Da zan wuce da shi ya miƙa hannu zai taɓa, ɗan sanda ya ce, "Kai, ba a taɓa shaida." Babban Lauya ya yi magana ranar har wata mata ta yi kuka. Ya nuna keken, ya nuna Baba, ya sake nuna keken. Ni kuwa ina ƙasa ina gyara wa Baba zama saboda gyambon ya jiƙa riga.

An ɗaure masu filayen ƙarfe. Fitilun titinmu suka dawo, murfin kwalbati ya zauna a inda aka sa shi, mata suka daina tsallake rami da yara a baya. Duk wanda ya zauna a kujerar askina sai ya yabi Babban Lauya, ni kuma in ce masa ya yi shiru kar reza ta kuskure. Na koma ofishin ina cewa yau dai ƙarshe. Aka ce waɗancan sun ɗaukaka ƙara.

Ranar ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce mutum yana ruɓewa a kan katifa, ku kuna ajiye da ƙafafunsa a sito. Na ce ɓarayi sun riƙe keken nan kwana kaɗan, ku kun riƙe shi wata da watanni, to wa ya fi wani. Mai gadi ya kama min hannu. Ƙaramar lauyar nan ce ta ce ya sake ni, ta biyo ni har kan matattakala.

"Yaya, ka yi haƙuri," ta ce a hankali, idonta a ƙasa. "Keken ba ya sito. An kai shi zauren taro, ana baje kolin nasarorin ofis, manyan baƙi za su zo."

"Kotun fa?"

"Kotu ta gama da shi tuntuni. Tun farko ma ana iya ɗaukar hotonsa a ba shi, idan ana buƙata ya kawo. Na faɗa, aka ce in bari tukuna."

Da namiji ne ya gaya min da ban san abin da zan yi ba. Na ce ta je ta gaya wa shugabanta, idan an gama nuna keken ya turo mota, akwai mai keken ma a ɗauka a nuna, ya kusa zama yadda ba zai yi musu gardama ba. Ta fashe da kuka. Ban rarrashe ta ba, na sauko.

Ko me ta yi ban sani ba, amma bayan taron wata motar ofis ta tsaya a bakin layinmu aka sauke keken. Tayoyin sun sace, sarƙar murzawa ta yi ja da tsatsa, an rubuta lamba da farin fenti a tsakiyar kujerar. Na ja shi har cikin ɗaki, na ajiye a gefen katifa. Baba ya rame har kafaɗun nan nasa sun zube. Kwance yake a gefe ɗaya, don likita ya ce ciwon ya shiga jini, kuma zama ya haramta gare shi.

Ya daɗe yana kallon keken. Ya miƙa hannu ya kama abin murzawa, ya tura, ya ƙi motsi. Ya sake turawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Ko mai ba su sa masa ba," ya ce.

"Malam, ka bar shi haka, za ka tayar da ciwon," in ji Inna.

"Baba, in ka warke zan sa a yi masa fenti, a goge wannan lambar," na ce.

"Kai dai je ka buɗe shago, Mai Aski. Kawunan mutane na jiranka, su ba sa jin mako mai zuwa."

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina tsakiyar yi wa wani gyaran fuska na ji muryar Inna ta tsallako katanga. Ba kuka ba ne, ni take kira, amma daga jin yadda ta kira na sani. Na bar mutumin da kumfa a rabin fuska. Na tarar ta rufe masa ido, tana zaune a ƙasa ta dafa tayar keken.

Ofishin Babban Lauya ya aiko da mutum biyu ta'aziyya, ɗaya yana rataye da kyamara. Na tare su a bakin ƙofa na ce mai kyamara ya koma mota, ɗayan ya shiga in zai shiga. Dattawan layi suka ce in ji tsoron Allah, ranar rasuwa ce. Na ce saboda ita ce ma na tsaya a magana kawai.

Da mutane suka watse Inna ta ce in taimaka mata a fitar da katifar a shanya. Na ja keken gefe don in sami hanya, sai na ji abin murzawar yana juyawa sakayau a hannuna. Na duba, babu sarƙa a jikinsa.

"Jiya ya cire ta," in ji Inna. "Daga kwance, da ɗan mabuɗin nan nasa. Ya fi awa yana yi, yana hutawa. Ya ce in miƙo masa kwano da kananzir, kar in gaya maka, za ka yi faɗa."

Na ɗaga katifar. Kwanon yana can jikin bango, ta wajen da kansa yake, an rufe shi da murfin tukunya. Na buɗe. Tsatsar duk ta kwanta a ƙasa, sarƙar tana naɗe cikin kananzir, ta yi fes.